Jingar da Ke Bakin Gado: Jagoran Kare Majinyaci ga Nas-nas na Ƙasar Haɗeja

Duk wanda ya taɓa yin damina a Haɗeja ya san aikin jinga. Idan Agusta ya raba, ruwan sama ya haɗu da wanda ke gangarowa daga Tiga da Challawa, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin da kogin ya saba bi zuwa Nguru, sai gari ya fito da buhu da shebur, ana cika ƙasa ana jerawa har dare. Mun ga abin da ambaliya ta yi a 2020 da 2022 a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri. Masu gadin jinga sun san cewa ba ta ɓallewa lokaci guda. Da ɗan tsiyaya take farawa, a inda buhu ɗaya ya zame ko ɓera ya yi rami, shi ya sa suke zagayawa da cocila suna duba kowane taku.

Aikin jinya ma haka yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin kowane majinyata goma, kusan ɗaya yana cutuwa daga kulawar da ake ba shi, kuma fiye da rabin wannan cutarwa ana iya hana ta. Tun 2019 aka keɓe 17 ga Satumba a matsayin ranar kare lafiyar majinyaci ta duniya. A wurinmu ranar tana faɗowa daidai lokacin da ɗakin yara ya cika da zazzaɓin cizon sauro, hanyoyi sun yanke, wasu majinyatan suna kan tabarma. Wannan jagora na irin wannan lokaci ne, zai bi ki daga sa'ar da kika karɓi aiki zuwa sa'ar da kika miƙa shi. Da ke nake magana, ƙanwata, amma ɗan'uwana nas namiji, kai ma ba ka fita ba.

Karɓi aiki a tsaye

Ki iso da sauran minti goma sha biyar. Kada ki karɓi aiki a kan tebur daga littafi kawai. Gani ya kori ji. Ke da wadda za ta tashi ku bi gado-gado, tabarma-tabarma. A kan kowane mutum ta gaya miki abu huɗu a jere: halin da yake ciki yanzu, abin da ya kawo shi da abin da aka yi masa, abin da take zaton yana damunsa, da abin da ya rage a yi da kuma ƙarfe nawa. Ki taɓa hannun da ke da allurar ƙarin ruwa ki ji ko ya kumbura. Ki duba ledar ruwan: wane iri ne, yaushe aka rataya, nawa ya saura.

Kafin ta fita ki yi mata tambaya ɗaya: "Sista, wa ya fi tsaya miki a rai a ɗakin nan?" Wanda ta nuna, ki matso da shi kusa da teburinki. Daga nan ki duba kayan gaggawa da hannunki, ki matsa jakar hura numfashi, ki buɗe tukunyar iskar oksijin, ki kunna cocila. Ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar jijjiga ba ranar neman batir ba ce.

Wane ne wannan?

A ɗaki ɗaya za ki iya samun Hauwa'u uku da Muhammadu huɗu. Yawancin dattawanmu ba su riƙe ranar haihuwa ba. Ga sunan yanka a kati, ga laƙabin da ake kira a gida. Ga kuma alkunya: uwa ba za ta faɗi sunan ɗan farinta ba, mace ba za ta ambaci sunan mijinta ba. Baƙuwar da ta zo daga ruga ko daga ƙauyen Mangawa tana iya amsa miki da "na'am" ga kowane suna, don ladabi ko don Hausarta ba ta nuna ba.

Na taɓa tsayawa da sirinji a hannu a kan wata mata, na kira suna ta amsa. Sai mai jinyarta ta ce, "Ai mu ba a rubuta mana allura ba." Ashe da rana an sauya musu gado ita da takwararta. Allah ne ya kiyaye, ta bakin wata tsohuwa da ba ta taɓa shiga aji ba. Tun ranar na daina yarda da lambar gado.

Abin yi shi ne, kada ki kira suna ki jira a amsa. Ki ce, "Baba, yaya sunanka, daga wane gari?" ya faɗa da bakinsa. Idan alkunya ta hana uwa, ki tambayi kaka ko goggon yaron. Ki haɗa abu biyu aƙalla, cikakken suna da lambar kati, ki ƙara da garinsu. Inda babu abin ɗaurawa a hannu, filasta da biro sun isa: ki rubuta suna da lamba ki manna a wuyan hannu. Idan takwarori suna ɗaki ɗaya, ki raba gadajensu, ki ja jan layi a kan katinsu.

A ƙarin jini wannan doka tana ninkuwa. Mutum biyu ne za su tsaya a bakin gado su karanta suna da rukunin jini da lambar leda da ranar lalacewa da babbar murya. Minti goma sha biyar na farko kada ki gusa. Rawar ɗari, zazzaɓi, ciwon baya ko sarƙewar numfashi, ki tsayar da jinin nan take ki kira likita. Leda ɗaya kada ta wuce awa huɗu a rataye.

Hannu

A 1847, a birnin Biyana, wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya tilasta wa masu shiga ɗakin haihuwa wanke hannu da ruwan kulorin. Cikin 'yan watanni mutuwar masu jego ta sauko daga kusan kashi 18 cikin ɗari zuwa kusan kashi 2. Har yau babu wata dabara mai arha da ta kai wannan.

Lokutan wanke hannu biyar ne: kafin ki taɓa majinyaci, kafin aikin da ke buƙatar tsabta kamar allura ko wankin ciwo, bayan kin taɓa jini ko fitsari ko makamancinsu, bayan kin taɓa majinyaci, da bayan kin taɓa gadonsa ko kayansa. Da sabulu da ruwa, daƙiƙa 40 zuwa 60. Da man goge hannu mai sinadarin alkohol, daƙiƙa 20 zuwa 30, amma idan hannun ya ɓaci a ido sai sabulu. Mu da muka saba da alwala mun san tsakanin yatsu. Ki ƙara da babban yatsa da ƙarƙashin farce, nan ne aka fi mantawa.

Idan famfo ya ƙafe, bokiti mai kan famfo da wani a ƙasa yana tarar ruwan ya wadatar, ko wani ya zuba miki da buta. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne kwano ɗaya kowa yana tsoma hannu. Safar hannu kuma ba laya ba ce: wadda kika taɓa mutum ɗaya da ita ta gama aikinta. Sirinji ɗaya, allura ɗaya, mutum ɗaya. Kada ki mayar wa allura murfinta, ki jefa ta kai tsaye a kwalin allurai, idan ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe shi.

Magani: a auna kafin a zuƙa

Kafin kowane magani ki tambayi kanki: mutumin ne, maganin ne, adadin ne, hanyar ce, lokacin ne? Bayan kin bayar ki rubuta a take. Kada ki rubuta kafin ki bayar, kada ki bari sai an jima.

Yaro ba a ƙiyasta nauyinsa da ido. Ki ɗora shi a sikeli. Idan ba ya iya tsayuwa, ki auna uwar tana riƙe da shi, ki auna ta ita kaɗai, ki debe. Ɗauki allurar atesunet da muke yi wa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi a kan kowane kilo, wanda ya kai ko ya wuce miligiram 2.4. Ana yin ta farko, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24. Yaro mai kilo 10 ke nan miligiram 30, rabin kwalba mai 60. Ki yi lissafin a takarda, ki nuna wa abokiyar aiki. Wadda aka haɗa a yi amfani da ita cikin awa ɗaya, ragowar a zubar. Yaron da ya suma ko yake jijjiga kuwa, ki auna sukarin jininsa tun da wuri, domin faɗuwar sukari tana kisa a ɓoye.

Rubutun likita idan bai karantu ba, ki tambaya, matambayi ba ya ɓata. Umarnin da ya zo ta waya ki rubuta, ki maimaita masa ya ce haka ne. Ƙananan kwalaben allura suna kama da juna, ballantana a hasken cocila, don haka ki karanta sau uku: sa'ar ɗaukowa, sa'ar zuƙa, da kafin ki jefar da kwalbar. Sinadarin fotashiyam mai kauri ba a taɓa tura shi kai tsaye a jijiya, yana tsayar da zuciya. A ware masa wurin ajiyarsa daban.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. An daɗe ana kuka da yawan ciwon ƙoda a garuruwan bakin kogin nan, daga Haɗeja har Gashuwa. Saboda haka duk wanda za a ba jentamaisin ko dikulofenak, ki fara tambayar fitsarinsa, ki duba kumburin ƙafa da fuska, ki auna hawan jini. Ki tambayi abin da ya sha kafin ya zo, na kemis da na gargajiya, ba tare da faɗa ba. Manomin da ya wuni a fadamar shinkafa yana haɗiyar ƙwayar ciwon jiki ba zai gaya miki ba idan ya ga kin ɗaure fuska. Mai fitsarin jini kuma a tuna da tsargiya, wadda ba baƙuwa ba ce ga masunta da yaran da ke wanka a kogi.

Ido da agogo

Kafin mutum ya faɗi warwas, jikinsa yakan yi ta aiko da saƙo na awanni. Saƙon da aka fi yin watsi da shi shi ne numfashi, domin shi ne ba na'ura ke ƙirgawa ba. Ki ƙirga na cikakken minti ɗaya da agogo. Jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 ko fiye ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Ki haɗa da bugun jini, zafin jiki, awon jini, yawan fitsari da yadda hankalinsa yake.

Lambar da kika rubuta amana ce. Kada ki taɓa cike gurbin takarda da abin da ba ki auna ba. Gara a ga gurbin fayau a san ba a yi ba. Kuma awo ba shi da amfani idan ba a kwatanta shi da na baya ba. Bugun jini yana hawa, awon jini yana sauka, mutum ya fara sambatu ko ya yi shiru fiye da kima: tsiyayar ke nan. Ki kira likita ki faɗa masa lambobin, ki rufe da abin da kike so: "Likita, ina so ka zo ka gan shi yanzu." Girmama na gaba tarbiyyarmu ce, amma kunya ba ta da wuri a inda rai ke fita. Idan bai samu zuwa ba, ki nemi na sama da shi, ki rubuta lokacin da kika kira.

Wanda ba ya iya juyawa da kansa a juya shi duk awa biyu, a duba ƙugu da diddige, kada ya zo da ciwo ɗaya ya koma da gyambon kwanciya.

A ɗakin haihuwa

Zubar jini da jijjiga su ne manyan masu ɗauke mana mata. Da zarar jariri ya fito, a yi wa uwa allurar oksitosin, awo 10, cikin minti ɗaya. Amma oksitosin ba ta jure zafi, wurinta firji mai sanyin digiri 2 zuwa 8. Wadda ta yi bazarar Haɗeja a cikin aljihun tebur tana iya zama ruwa kawai. Ki san inda taku take kwana.

Ido yana raina jini. Zani yana shanyewa, katifa tana ɓoyewa. Wani babban bincike da aka yi a asibitoci a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa, ya fito a 2023 da darasi mai sauƙi. A shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa don a ga ainihin abin da ya zuba. Idan ya kai mililita 500, a yi komai tare ba ɗaya bayan ɗaya ba: murza mahaifa, maganin tsuke ta, allurar taranekzamik, ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa, da kiran na gaba. Wannan ya rage munanan sakamakon zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari. A awa biyu na farko bayan haihuwa ki taɓa mahaifa ki duba ƙunzugu duk minti goma sha biyar. Mai jegon da ta yi lamo ba lallai barcin gajiya take ba.

Mai ciki da awon jininta ya kai 160 bisa 110, ko take kukan ciwon kai da gani dishi-dishi, tana bakin jijjiga. Idan an fara mata maganiziyam salfet, kafin kowace allura ta gaba ki tabbatar da uku: gwiwa tana harbawa idan an buga, numfashi ya kai 16 a minti, fitsari ya kai mililita 30 a awa. Ɗaya ya gaza, ki dakata ki kira likita. Makarinsa, kalsiyam gulukonet, ya kasance a inda hannu zai kai.

Idan amai da gudawa ya shigo

Bayan ambaliya, masai da rijiya sukan zama ɗaya. A 2021 an samu fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jigawa kuma tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Babba ɗaya mai gudawa kamar ruwan shinkafa ya isa ki ware shi, ki sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar.

Mai iya sha a ba shi ruwan gishiri da sukari, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, kurɓi-kurɓi ko yana amai. Wanda idonsa ya faɗa, fatarsa ba ta komawa, bugun jininsa ya yi rauni, ruwan Ringa yake buƙata ta jijiya, mililita 100 a kan kowane kilo. Ga wanda ya shekara ɗaya zuwa sama, 30 na farko cikin rabin awa, sauran 70 cikin awa biyu da rabi. Ga wanda bai shekara ba, 30 cikin awa ɗaya, 70 cikin awa biyar. A kula: yaro mai tamowa ba a yi masa wannan gudu, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, nasa tsarin daban ne.

Ruwan kulorin kala uku ake haɗawa, kowanne a bokitinsa da rubutu a jiki. Da garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70: giram 15 a lita 20 na wanke hannu, giram 30 a lita 10 na goge ƙasa da gadaje, giram 30 a lita ɗaya na zubawa a kan kashi da amai. Na hannu da na ƙasa a sabunta su kullum. Mai jinya ɗaya tak ga kowane majinyaci, 'yan dubiya su yi haƙuri daga waje.

Mai jinya da tafiyar gaba

Matar nan da ke kwana a ƙasa kusa da gado ta fi ki sanin majinyacin, kuma idonta yana kansa sa'ar da naki ke kan mutum talatin. Ki mayar da ita abokiyar aiki. "Inna, idan kin ga numfashinsa ya sauya, ko ruwan nan ya tsaya, ko ya ƙi shan nono, ki zo ki tashe ni ko ƙarfe nawa ne." Idan ta zo, kada ki hantare ta, ko da ba komai ba ne; wadda aka kora sau ɗaya ba za ta dawo ba ranar da abin yake gaske. Ranar sallama ki sa ta maimaita miki yadda za a sha magani da bakinta.

Idan abin ya fi ƙarfin inda kike, tura shi da wuri ya fi. Daga ƙaramin asibiti zuwa Babban Asibitin Haɗeja, ko daga nan zuwa asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru, tafiyar damina tana iya haɗawa da kwalekwale da babur. Ki fara ba da allurar farko, ki kafa ruwa, ki rubuta abin da aka bayar da lokacinsa, ki buga waya can su san yana tafe.

Ranar da aka yi kuskure

Za a yi, domin 'yan Adam ne ke aikin. Farko ki ceci majinyacin, ki gaya wa likita ainihin abin da ya faru, sannan ki rubuta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda aka tare kafin ya isa ga majinyaci ma a faɗe shi, shi ne darasi mafi arha.

Ke kuma shugabar ɗaki, idan kika tozarta wadda ta kawo kanta, kin rufe bakin sauran. Ki tambayi abin da ya ba da ƙofa: kwalabe biyu masu kama a wuri ɗaya? Nas ɗaya a kan gado arba'in? Sikelin da ya lalace tun bara? Ku ajiye littafi guda, ku zauna minti ashirin kowane mako, ku ɗauki matsala ɗaya ku gyara, ku ƙirga ku gani ko ta ragu. Abin da ya fi ƙarfinku, kamar ƙarancin ma'aikata da ruwa da wuta, ku kai shi gaba a rubuce da alƙaluma, ku sake kaiwa. Haƙƙin majinyaci ne, kuma haƙƙinku ne.

Rai na Allah ne, babu mai ja. Amma an hore mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali, kuma "kwana ya ƙare" ba ta wanke wanda bai auna ba. Idan gari ya waye, wadda za ta karɓe ki ta shigo, kada gajiya ta sa ki miƙa mata littafi daga bakin ƙofa. Ki kama hannunta ku sake bin layin nan gado-gado, ki nuna mata inda kika ga danshi cikin dare, ki ce, "Sista, ga wanda ya fi tsaya mini a rai." Sannan ki wanke hannu ki tafi gida. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa kada a cutu ta hannunmu.